Masarar da Aka Dawo da Ita

Manoman Damari suka dire wa wani dillali buhunan irin masara a ƙofar shagonsa.

"Sai da shuka ta wuce ya iso, Alhaji. Ga kayanka."

Direban kamfanin irin ya ce a loda a mayar Kaduna a ƙone, don irin yana da maganin ƙwari a jikinsa. Jan launin da aka shafa masa gargaɗi ne, ko kaza ta tsattsaga ba ta kai gobe. Dillalin ya sallami motar ba kaya. Arzikin man fetur na kwarara ko'ina a ƙasar, shi kaɗai ne zai tashi da asara?

Ya sa aka wanke masarar a rafi har ta yi fari, aka shanya, aka sauya mata buhu, aka kai kasuwar Mairuwa. Kafin la'asar ta ƙare.

Ranar sunan jikansa gida ya cika maƙil. Matarsa ta ajiye masa tuwo tana murmushi.

"Wata masara na samu da arha a Mairuwa, Alhaji."

Ya gutsuro loma, ya ɗaga ta ga hasken rana. Fara ce, amma da ɗan ja-ja.

A tsakar gida, yara har sun suɗe akushi.