Amin Ɗin da Aka Haɗiye

Motar Alhaji Ɗanjuma mai lantarki tana cin kilomita ɗari huɗu a caji ɗaya, amma da sunansa aka sayi ƙarin batirin. Da zarar ta ji ya rasu, kilomita ashirin za ta koma.

Shi ya sa Uwani da yayanta Sabo suka ɗauko gawar mahaifinsu Alhaji a cikinta zuwa Gumel ba kuka, ba salati.

Saura kilomita sittin, motar ta ce, "Alhaji, yau ka yi shiru."

"Barci yake," in ji Sabo.

Sai gwaggonsu ta kira Uwani a waya. Uwani ta kara wayar a kunne don kada motar ta ji. Gwaggo ta ce mata, "Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ya huta."

Uwani ta dubi allon batirin, ta haɗiye amin ɗinta.

"Muna hanya, Gwaggo."