Baƙo a Garkar da Na Yi Suna da Ita

Tsohon mai garkar ya fito daga cikin shukarsa da laka a ƙafafunsa, ya wuce ni, ya rungume shoferna, mai tuƙa mini mota.

Baƙuwar da ke gefena farfesa ce daga Turai. Ta same ni ne a shafin intanet inda malaman jami'a ke baje kolin aikinsu. Can na rubuta cewa na shekara huɗu ina bincike a garaken Iferwan. Hotunan rijiyoyin da na sa su suka jawo ta har Agadas, ta ce sai ta gani da idonta.

Abin da ban rubuta ba shi ne ban taɓa wuce Cirozerin, nan kusa da Agadas, ba sai yau. Hanyar tana karya baya. Shofer nake ba takardar tambayoyi da tarho, ni ina zaune a biro, wato ofishina, ina jiran amsa.

Aka shimfiɗa tabarma. Tsohon ya miƙa wa shofer kofin shayi na farko.

"Malam, rijiyar da ka auna bara, ruwanta ya ƙara sauka kamu biyu."

Shofer ya sunkuyar da kai, kamar shi ne mai laifi.

Sai tsohon ya juyo gare ni da fara'a. "Sannu da hanya, baƙo. Yau ka fara zuwa wajenmu?"

Farfesa ta ɗaga alƙalami. "Me ya ce, Docteur?"

Kafin in buɗe baki, shofer ya amsa mata da Faransanci: "Ya ce sun yi kewar Docteur."

Ta rubuta. Ni kuwa ko sunan shofer ban taɓa sawa a shafin ba.