Sai Ya Bushe

Jaka a kafaɗa mai ɗinkin labule ta shigo ɗakin, motar da za ta kai ta sabon aiki a wani gari tana jira a waje. Mai fenti ne ya roƙi ta tsaya, mutumin da ya shekara biyu yana kewaya maganar aure kamar kaza a bakin rijiya.

Ya nuna mata shafen fenti kala uku a bango, ɗanye sharaf. "Wanne ya dace?"

Ta dubi bangon, ta dubi ƙofa. "Duk ruwan ƙasa ne, malam. Kan wannan ka tsayar da ni?"

"Haba, ke fa kika koya mini! Ga ruwan ƙasa, ga ruwan zuma, ga ruwan hanta." Ya sosa ƙeya da burushi, ya shafe kansa. "Amma fenti sai ya bushe ake gane shi. Ki ɗan jira."

"Shekara biyu ina jiran ka bushe."

Namiji har namiji, sai juya burushi yake a hannu! Ita kuwa ta ƙare wa ɗakin kallo.

"Ɗakin wa ne ma?"

"Na wadda ta zaɓi launin," ya ce, idonsa a ƙasa.

Direba ya danna ham. Ta dafa ruwan zuman, ta ɗaga hannu, yatsu biyar suka fito raɗau.

"Hanta ta yi duhu, ƙasa kuwa ta tsakar gida ta ishe ni. Je ka sauko mini da akwatina daga mota. Wannan shaidar kuma ka shafe in ka isa."