Gumbar Kaka Sun-ja

Tun da ƙasashen ƙetare suka daina jin kukan jarirai suke turo tsofaffinsu nan, kowane gida a ba shi ɗaya. Gwaggo Ladidi ta Funtuwa ta samu Sun-ja, tsohuwa daga Koriya, mai 'yar na'urar fassara a kunne.

Ranar da wata jami'ar gwamnati ta zo duba baƙuwar, sai ga Hanne, jikar Ladidi, ta faɗo tsakar gida ta ja zanen Sun-ja.

"Ke tsohuwa, yaushe za ki mutu mu ci gumba?"

Ladidi ta dubi jami'ar. Ƙorafi ɗaya ya isa a ɗauke mata abokiyar hira.

"Wasan jika ne, ranki ya daɗe," ta ce da sauri. "Ba a yi wa kowa sai kaka."

Sun-ja ta yi dariya har da hawaye, ta riƙe hannun Hanne.

"A garinmu ko an daka, wa zai ci? Yaya Ladidi, ranar a daka da yawa, a kira duk yaran unguwa."

Ladidi ta ce to, tana murmushi. Ba ta gaya mata ba, bara bikin suna ɗaya tak aka yi a unguwar.