Birkin da Hanif Ya Cire

Yaya Nazir, Allah ya haskaka makwancinka. Da ka ga ƙaninka Hanif a kasuwar Zuba cikin watannin nan, da ka yi dariya har tarin nan naka ya taso.

Da hantsi, in ya gama sauke lemo daga motar Binuwai, sai ya haye kan buhu ya buɗe tsohuwar wayar da ka ba shi. A allon, zanen kyandirori suna hawa suna sauka, kore na tashi, ja na faɗuwa, farashin zinare yana numfashi kamar mai barci. Ya saya, ya jira, ya sayar, ya rufe. Sannan ya miƙe yana taka rawa shi kaɗai, masu kankana na tambayar juna ko lafiya.

Kai ka koya masa, da yamma in ka taso daga ma'aikatarku, lokacin ciwo ya fara amma bai kwantar da kai ba. Karon farko da ya shiga da kuɗin leburancinsa, hannunsa ya yi ta rawa, ya saya da tsada ya sayar da araha, kafin azahar babu ko sisi. Ba ka yi faɗa ba. Sai ka buɗe masa wani asusu ka ce na gwaji ne, kuɗin wasa, ya ci ko ya faɗi babu mai kuka. Ya ga an rubuta layif a saman allo, ka ce ai kamar ƙwallo ne a gidan kallo, kai-tsaye ake nuna kasuwar.

Sharaɗinka shi ne ya riƙe doka. Kaɗan ake sakawa. Ba a shiga sai da birki, wato layin da ciniki zai rufe kansa in kasuwa ta juya baya. In ya faɗi ya sake faɗuwa, waya ta koma aljihu sai gobe. Kuma ba a barin ciniki a buɗe a kwana, balle ranar Juma'a da kasuwa ke kulle ƙofa har Litinin, wanda ke ciki ba shi da mafita. Ka ce in ya riƙe, wata rana zai taɓa na gaske.

Ka sayar da filinka na Bwari, dangi suka ce ciwo ya fara cin dukiya. Amma ko a gadon asibiti, abin da kake tambaya shi ne ko ya sa birki yau. Hanif ya ce a ransa, Yaya dai akwai ɗaukar wasa da zafi.

Da aka kai ka, dokar ce ta rage masa. A wurinsa sa birki ya zama kamar gaishe ka da safe. Asusun kuwa ya yi ta tashi kamar ƙullin waina. Yakan sayi ayaba ya kai wa 'ya'yanka a Kado, ya gaida matarka Anti Ikilima da ke takaba, ya dawo yana fito a cikin mota.

Edward mai POS ne ya sa masa suna Oga Miloniya. Kullum sai ya leƙa wayar ya ce wannan dukiya ko ruwan leda ba ta saye. 'Yan rumfa su kwashe da dariya, Hanif ma ya taya su.

Juma'ar da ta wuce, bayan masallaci, zinare ya kama hawa. Hanif ya ci, ya rufe, ya sake shiga ya ci. Mutane suka kewaye buhun, har mai rake ya bar baronsa.

"Oga Miloniya," in ji Edward, "kuɗin ƙarya ma kana saka shi da cokali? In na gaske ne ai suma za ka yi."

Hanif ya ji wata dariya ta taso masa daga ciki, irin wadda bai yi ba tun ranar jana'iza. Daɗi ya hau kansa. Ya ɗaga wayar kowa ya gani, ya zuba duk abin da ke asusun a kan zinare. Wayar ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce mata ya tabbata. Sannan ya sa yatsa ya goge birkin.

Kore ya miƙe sama. Edward ya ɗaga shi cak, wani ya fasa kankana aka raba kyauta. Don kada a ce ya gudu, ya bar cinikin a buɗe, ya kashe wayar ya jefa a durowar Edward, ya ce a haɗu Litinin.

Da safiyar Asabar ya karɓo ta. Kasuwar zinare ta kulle, kyandir na ƙarshe ja ne, dogo, ya tsaya cak da kai ƙasa. Ya yi murmushi ya hau motar Kado, don ranar Anti ke fita takaba.

Gidan cike da mata da ƙamshin turare. Anti Ikilima ta ja shi gefe, fuskarta a sake, irin yadda ya manta ta iya.

"Hanif, akwai saƙon yayanka, ya ce sai na fita zan faɗa. Ofis ɗinsu ne suka biya kuɗin magani. Kuɗin filin Bwari yana cikin wayar nan taka tun ranar farko, na karatun yaran nan ne. Ya ce a ɓoye maka, wai hannunka ba ya rawa sai ka san na gaske ne." Yau Lahadi, Yaya. Kasuwa a kulle take, kuma Hanif bai gaya wa kowa ba tukuna.