Dutsen Niƙa da Bakin Maƙwabci

"Ke kika faɗa, Yahanasu. Da bakinki kika ce, 'Kai, Tasalla sai ka ce budurwa,' ko masha Allah ba ki haɗa da shi ba."

"To yabon ne laifi? Tun muna 'yan mata nake yabonki, yau ne bakina ya yi dafi?"

Goggona Tasalla ce zaune a tabarma, ƙafafu a miƙe sai ka ce an ajiye taɓare biyu. Likita ne ya ce sukarinta ya hau, ta riƙa motsa jiki. Shi ne ranar Asabar ta bi matan unguwa filin makaranta, aka yi ta durƙusa a miƙe, ita ce kan gaba. Ta dawo garau, har da shara. Lahadi aminiyarta Hajiya Yahanasu ta leƙo ta yaba. Litinin kuwa ko buta sai an miƙo mata, salla a zaune. Ta ce kambun baka ne, kuma kada Yahanasu ta sake tako mata gida.

Baffa Ilu, yayan Goggo, yana bakin ƙofa yana ji. Ya yi irin gyaran muryar nan tasa da ko kaza sai ta dakata, ya ce, "Tasalla, ara mini kunnenki."

Ya ce an yi wani manomi a ƙasar da ba ta da ko tudu. Auren 'yarsa ya matso, ya tafi wani ƙauye da ke saman tsauni, inda ake sassaƙa dutsen niƙa mai kyau. Ya hau hannu rabbana, ya gangaro da dutse a ka. Duk takun da zai yi, cinyoyinsa ne ke tare nauyin, kamar mai sassauta igiyar guga a hankali don kada ta kuɓuce. Ya isa gida ras, ya ci tuwo har da ƙari. Kashegari maƙwabcinsa, wanda suke shan rijiya ɗaya, ya shigo ta ɓarakar danga kamar kullum, ya ga dutsen, ya dafa masa cinya ya ce ashe ƙarfin na nan. Wayewar gari na gaba manomi ya kasa tashi. Daidai inda hannun ya dafa, nan ciwon ya fi tsanani, ko dai haka ya gani. Bai tuna da tsauni ba, don tsauni ya riga ya zama labarin shekaranjiya. Abin da bai sani ba, nama idan aka ɗora masa aikin da bai saba ba, musamman na tare nauyi, zarurrukansa kan ɗan yayyage can ciki. Ba a ji nan take, sai jiki ya fara ɗinki wurin ya kumbura. Matan tsaunin nan kullum suna hawa suna sauka da tuluna, babu mai ɗingishi, don nasu naman ya daɗe da ɗinkuwa ya yi kauri. Manomi ya kira wanzami aka kafa masa ƙaho. Jini ya fito baƙi, kamar yadda jinin ƙaho yake fitowa a jikin kowa, ya ce ga mugun abu nan. Bayan 'yan kwanaki ciwon ya tafi, dama lokacin tafiyarsa ya yi. Ya gode wa ƙaho, ya saro ƙaya ya toshe ɓarakar danga. Maƙwabcin ya aiko da dattawa, ya zo da kansa, har da rantsuwa. Manomi ko sallamarsa bai ƙara amsawa ba.

Damina ta zo, maƙwabcin ya kwanta ciwo ya rasu. Manomi yana jin salati ta bayan danga, bai je jana'iza ba. Da auren ƙanwar yarinyar ya tashi, ya sake hawa tsaunin nan ya gangaro da wani dutsen. Wannan karon ya yi dabara, ya shige ɗaki ya ja ƙyaure, bai bari kowa ya gan shi ba balle a yaba. Ciwon bai nemi izini ba. Ya zo a kan lokacinsa, a cinyoyin nan dai, da irin zafin nan dai. Manomi ya ja jiki ya fito tsakar gida ya zauna a kan dutsen niƙan, yana kallon ƙayar da ya toshe danga da ita. Ta bushe, har gara ta fara ci. Ya cire ta da hannunsa, amma wanda zai shigo ta wurin babu shi.

Nan Baffa ya dasa aya. Hajiya Yahanasu ta sunkuyar da kai tana share ido da gefen mayafi, tana jiran kalma ɗaya kawai daga bakin Goggo.

Goggo ta daɗe tana murza cinya. Can ta ja numfashi, ta gyaɗa kai irin na wanda ya gano bakin zaren, ta ce, "Allah mai iko. Wato Yaya, har daga cikin kabari bakin mutumin nan bai ƙyale shi ba."

Hajiya Yahanasu ta miƙe ta zura takalmanta, Baffa ya janye ƙafa ya ba ta hanya.

Dama Hausawa sun faɗa: an bar jaki ana dukan taiki.