Keken da Ya Ƙi Shiga Awo

Mai shagon aika kaya ya fito bakin titi da igiyar awo, ya gwada keken daga gaba zuwa baya, ya girgiza kai. Ya yi tsawo, in ji shi, kuma ko da bai yi ba, ina iƙama, takardar zama a ƙasa? Maman ya yi godiya, ya juya keken ya gangara titin Mansur na garin Makka.

Duk Mansur an san keken nan. Ƙafa uku gare shi, ga kujera mai majingina kamar ta masu aski, mutum yana tafe yana kishingiɗe. Wani alhaji ɗan Indonesiya ne ya tuƙo shi tun daga ƙasarsu har Makka. Da ya gama aikin hajji ya ga mayar da shi gida ya fi zuwan wahala, sai ya tsaya a titi yana duban mutane, ya zaɓi Maman ya ba shi kyauta. Wani mai walda a unguwar Tandabawi ya yi masa 'yan gyare-gyare, shi ke nan Maman ya samu sana'a.

Da shi yake raba wa Hure mai abinci kulolin masa da tuwo a shaguna. Ba ya ma sauka, ƙararrawa kawai yake kaɗawa a fito a karɓa. Masu shaguna na tsokanarsa wai shi ne kaɗai mai neman abinci a kwance. Ko 'yan sintirin da ke farautar marasa takarda, in sun gan shi dariya suke yi su ɗaga masa hannu. Silifas ɗinsa kuwa na nan rataye a bayan kujera har ƙura ta rufe su.

Sai ga waya daga Maraɗi. Mujahida, 'yarsa da ya baro tana tatata, ta faɗo daga kan babur a hanyar makaranta. An ceto ranta, amma ƙafafu sun tafi, bayan kuma ba ya ɗaukar zama a miƙe. An gwada mata keken guragu irin na gida, ta yi kuka aka sauke ta. Tun daga lokacin tana ɗaki tana kallon rufi, har ta daina tambayar ko an koma makaranta.

Maman ba shi da takardar da zai fita da ita ya dawo, ba shi da abin da zai yi wa likita. Abin da yake da shi keke ne mai majingina, kuma gyaran da mai walda ya yi masa tuntuni, wanda ya sa ana tuƙa shi da hannu, ya yi daidai da ita kamar don ita aka yi.

Ya bi alhazan Nijar masauki masauki. Kowa jakarsa ta cika da dabino da jallabiyoyi, awo ya riga ya wuce. Masu jirgin ruwa suka ce sai an tara kaya, wata da watanni, kuma ba su ɗaukar alhakin abin da ya karye. Alhazai na ta raguwa a gari, Maman yana ji yana gani. Ya rasa barci, ya rasa cin abinci, Hure ta yi faɗa har ta gaji.

Ita ce ta tura shi unguwar Rusaifa wurin Abdulrazak, wanda kakansa Bakatsine ne da ya zo hajji a ƙafa. Haifaffen Makka ne, Hausarsa ta sha Larabci, kuma motarsa ce za ta kai kayan alhazan ƙarshe Jidda a ranar. Ya sauko daga matakalar shagonsa, ya durƙusa kusa da keken, ya saurari labarin har ƙarshe.

"Zan saka shi da sunana, ya ammi, amma lazim a kwance shi gunduwa-gunduwa. Yanzu yanzu, mota ba ta jira." Ya dubi Maman. "Ɗayyib, kai kuma fa?"

"Ni na saba, ɗana," in ji Maman. "Ita ce ba ta saba ba."

Yana zaune a kan kwali a inuwar bango ya ga an cire tayoyi, an cire sarƙa, an naɗe kujerar da bargo. Ya roƙi a bar ƙararrawar a jiki, yarinya ce, za ta so ta. Da aka zo rufe akwatin ya ce a dakata, a miƙo masa silifas ɗinsa.

Hure ta biyo shi a tasi, ta tsaya tana share ido da bakin mayafi. "Malam Maman, abincin fa? Gobe wa zai raba mini? Kai kuma me za ka ci?"

Maman ya rungume silifas ɗinsa yana kallon ana loda akwatin a mota. Abdulrazak ya leƙo ta tagar mota ya rantse in ya dawo daga Jidda zai kai shi gida, ya jira kawai. Motar ta tashi. Maman ya bi ta da ido har ta sha kwana, yana jin daɗi da tsoro a lokaci guda, tsoron ya fi yawa.

Aka kira azahar a masallacin da ke can ƙarshen layi. Kwalta ta yi zafin da ko kuliya ba ta taka ta. Hure ta ce ya yi sallarsa a nan inda yake, Allah na gani. Ya ce tunda ya zo garin nan bai taɓa jin kira ya zauna ba.

Ya kaɗe ƙurar silifas ɗin, ya zura su a tafukan hannuwansa, ya fara jan jiki zuwa masallaci, shanyayyun ƙafafunsa na biye da shi a ƙasa.